Shaidar Tela a Kotun Ɗalibai

Yaya mai katafila,

Gaisuwa buhu-buhu daga 'yar goggonka, wadda ka rantse ba za ta zama lauya ba sai dai sarkin gardama. Ina fata kana lafiya, kai da ƙurar madatsar ruwan da kuke ginawa. Mu nan lafiya lau. Tarin Kawu ya tafi, ƙafar ma ta yi sauƙi, yana shago kullum yana faɗa da kekensa na ɗinki. Goggonka ta tambaya ko har yanzu waya ba ta shiga dajinku, na ce mata sai dai takarda ta hannun direban motar siminti.

Ka san ƙungiyarmu ta ɗaliban dokar ƙasa da ƙasa, wadda kake kira taron masu surutu. Bana za mu shiga gasar shari'ar gwaji da wasu makarantu, a kan laifukan yaƙi. Ana ba mu ƙasar da babu ita a duniya, da kwamandan da ba a haifa ba, a ce yaransa sun kashe fararen hula. Wasu su tuhume shi, wasu su kare shi. Ba a zaɓen ɓangare, ƙuri'a ake jefawa a cikin hula, kuma abin da ka ɗauko shi za ka yi da gaske ko da ranka ba ya so.

Baƙaƙen rigunanmu na lauyoyi wajen Kawu na kai ɗinkinsu, tunda a gidansa nake ci nake kwana. Ka san babanka, bai gama auna kafaɗar mutum na farko ba ya ɗauko labarin harin jirgin ƙasa. Shugabanmu, wani siriri da muke kira Tabarau, ya tsaya hannuwa a buɗe kamar an shanya shi, ya saurara har ƙarshe. Da muka fito ya ce, “Mun gaji da yi wa takarda tambayoyi. Ga mutum mai rai da ya gani da idonsa. Ki roƙar mana shi ya zama shaida a zaman gwajinmu.”

Ban ma gama roƙon ba Kawu ya ce, “Yaushe ne? Shekara nawa ina ba da labarin nan ga masu jiran wando, yau ga masu ilimi za su ji.” Har ya goge farar rigarsa ya rataye.

Sai dai ga abin dariya: ƙuri'ata ta faɗa ɓangaren masu kare kwamanda. Tabarau kuma shi ne alƙali. Kawu ya ce to, ya ga yadda zan yi in kalli idonsa.

Ka riƙa cin abinci, ka rage faɗa da leburori.

Taka, lauyar gobe.

*

'Yar Goggo,

Na gaishe ki, na gaida Baba. Ni lafiya, sai yatsa da ƙarfe ya danne, farcen ya fita, wani zai fito. Takardarki ta daɗe a hanya domin ruwa ya cinye gadar ƙasa, motar siminti ta yi zamanta a can tsallake. Ina fata wannan ta riske ki kafin wannan wasan naku.

Kada ki kai Baba wurin nan. Ba wasa nake miki ba yau, duk da ke abokiyar wasata ce.

Ke ba a haife ki ba lokacin. Kin san labarin ne yadda yake bayar da shi a shago, da allura a baki, yana kaiwa inda yake so ya tsaya ya ce a miƙo masa almakashi. A shago shi ke riƙe da labarin. In kuka tsayar da shi gaban mutane kuka hana shi almakashinsa, ban san abin da zai fito ba. Kin taɓa ganin bayansa ba riga? Ni nake cuɗa masa baya tun ina yaro. Akwai ramin da babban yatsana yake shigewa ciki. Matar da aka kashe a taragon nan kuma, ke matar kawunki ce da kika gani a hoto, ni uwata ce.

Kin sha tambayata me na tuna, ina ce miki ban tuna komai ba. Ki bar shi a haka.

Kin san halina. Kin tuna mai gyaran rediyon da ya ce wa Baba, “Tsoho, yau ma jirgin ne?” yana dariya? Har yau da gefe ɗaya yake tauna. Ban yi nadama ba. Wannan Tabarau naku da yake neman mutum mai rai don ya koyi aiki a kansa, ki gaya masa Baba yana da ɗa.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ba zan ce maka lafiya lau ba, domin ƙarya ce. Kawu yana nan da ransa, yana ci kaɗan, amma shago a rufe yake. Takardarka ta zo bayan an gama komai.

Zan faɗa maka yadda aka yi, ba ragi.

A babban ajinmu aka yi zaman, ya cika har tagogi. Kawu ya shigo da farar rigarsa, ya ga mu duka cikin ɗinkinsa, har ya gyara wa wani wuyan riga. Masu tuhuma suka fara, ya ba da labari tiryan-tiryan. Yadda jirgin ya tsaya a inda babu tasha. Yadda masu bindiga suka hau ta ƙofofi biyu suka fara harbi kujera bayan kujera, ba su tambayi sunan kowa ba. Yadda wani mai sayar da agogo ya ɗaga hannuwa yana roƙo, harsashi ya shiga ta tafin hannunsa ya fita ta ƙeyarsa. Yadda jini ya riƙa gudu a ƙasan tarago yana taruwa wajen ƙofa. Ya ce ya fizgo ka ya kife a kanka tsakanin kujeru, ya ji wuta ta shiga bayansa. Ya ce ya ga wanda ya harbi mamanka, wani mai tabo daga kunne zuwa haɓa. Wata a bayana tana kuka.

Sai aka ce masu kariya su yi tambaya. Na miƙe.

Yaya, an koya mana cewa ko wanda ya fi kowa mugunta sai an tabbatar da laifinsa, in ba haka ba hukuncin ramuwa ce kawai. An koya mana mu nemi inda maganar shaida ba ta haɗu ba, mu sa yatsa a wurin. Na ga wurin tun yana magana. Na kuma ji daɗin da na gan shi, wannan ne abin da ke cina. Na ce, “Shaida, ka ce ka kife a kan ɗanka, fuskarka a ƙasa?”

Ya ce, “Haka ne.”

“Ka ɗago kai?”

“Ina zan ɗago, ana harbi?”

“To da wane ido ka ga mai tabon?”

Ya dube ni ya ce, “'Yar nan, ni kike wa wannan tambayar?”

Na ce, “Shaida zai amsa.” Ni na faɗi haka, da bakina, ga mutumin da yake ajiye mini abinci in na yi dare a makaranta.

Sai ya ce bari ya nuna mana. Ya sauko ya kwanta rub da ciki a kan simintin aji, da farar rigar, ya buɗe hannuwa kamar yana rufe yaro. Ya yi ta juya kai hagu da dama yana neman ta inda ya gani. Bai samu ba. Ya fara kiran sunan mamanka yana cewa, “Na gan shi, wallahi na gan shi.” Wasu marasa kunya a baya suka yi dariya, wani ya ɗaga waya. Tabarau ya buga tebur da ƙarfi har gilashin ruwa ya faɗi ya fashe, ya ce an rufe zama. Da kyar muka ɗaga Kawu, jikinsa ya sandare.

Na raka shi gida. A bakin ƙofa ne ya ce, “Ashe ban gan shi ba. To wa nake tsinewa duk shekarun nan?”

Malaman da suka kalli gwajin sun ce tambayata ce mafi kyau a ranar.

Ni na yi, Yaya. In za ka zagi wani, ni ce.

Ƙanwarka.

*

Ke,

Ba ni da gaisuwa yau. Ki gaida Baba, in yana jin gaisuwa.

Na karanta takardarki a kan katafila, na sauko na ɗauki ƙarfe na yi ta dukan tulin duwatsu har hannuna ya tsage. Shugaban aiki ya zo zai yi magana, ya ga idona, ya koma.

Kina cewa ke ce. Rufa mini baki. Ke da kike kuka in an yanka kaza? Na goya ki, na san iyakarki. Tambayar nan ba daga cikinki ta fito ba, sa miki ita aka yi a baki. Wa ya ji labarin a shago tun farko, ya tsaya yana auna shi? Wa ya ce a kawo mutum mai rai? Wa ya riƙe hular ƙuri'ar har ta ba ki ɓangaren da zai fi yi wa tsoho ciwo? Kina kare shi ne, kuma na fara gane dalili, tunda ba kya rubuta layi uku ba ki ambace shi ba.

Ke da kanki kin rubuta: ubana yana kwance a ƙasa yana kiran matarsa, shi kuma yana zaune a sama yana buga masa tebur. Har da fasa gilashi. A cikin rigar da Baba ya ɗinka masa da idonsa da ba ya gani sosai! Hannun da ya buga teburin nan, ina so in gan shi kusa.

Kuna zaune a aji kuna wasa da ƙasar da babu, da kwamandan da babu. Mu namu akwai su, sun hau jirgi, sun sauka, sun tafi gida sun ci abinci. Dokarku ta ƙasa da ƙasa ba ta kamo ko ɗaya ba, sai tsohon tela ta samu ta kayar. To ni ma ina da tawa dokar, tana cikin akwatin kayan aiki.

Da zarar an gyara gada ina tafe. Kada ki gaya wa Baba.

*

Yaya, don girman Allah,

Ina gaishe ka, kuma Kawu yana samun sauƙi, ka ji wannan da kyau kafin komai. Ina rubutu a tsaye a tashar motocin siminti.

Ka karanta takardata da idon fushi. Tabarau ya buga tebur ne don ya tsawata wa masu dariya, ya tsayar da ni. Shi ya ƙwace wayar yaron nan ya goge abin da ya ɗauka. Ƙuri'a kuwa da hannuna na ɗauko. Babu wanda ya sa mini magana a baki. Ka daina mayar da ni jaririya don ka samu wanda za ka daka.

Tun ranar, kullum sai ya zo gida. Da farko Kawu ya ƙi fitowa, shi kuma ya zauna a dakali da littattafansa har la'asar. Rana ta uku Kawu ya leƙo ya ce, “Kai, wannan wandon naka wa ya yi maka wannan ɓarnar?” Yanzu shago a buɗe yake. Tabarau ya fahimtar da shi cewa abin da kunne ya ji ma shaida ne, ba sai ido ba. Suna rubuta labarin daga farko, abin da ya ji daban, abin da aka gaya masa daban, domin ƙungiyarmu ta fara tattara bayanan waɗanda suka tsira daga jirgin, ko wata rana a samu kotun da za ta tambaya. Kawu har rakiya yake masa zuwa makaranta, wai yana duba rigunansa.

Kada ka zo da ƙarfe. Ka zo hannu sake, ka mare ni in kana so.

Ƙanwarka.

*

Zuwa ga ɗan kawuna, a gidan yari,

An ce sai an buɗe takarda an karanta kafin a ba ka. Su karanta. Ina fata kana da lafiyar da za ka ji abin da zan faɗa.

Direban siminti ya dawo mini da takardata ta ƙarshe, ya ce kun yi saɓani a gada, kana cikin motar da ta fito shi yana shiga. Na haɗo maka ita. Ka karanta ta a hankali tunda yanzu kana da lokaci.

Tunda ka ce wa 'yan sanda ba ka tuna komai ba, bari in tuna maka, ina saman bene na gani. Ka same shi a matakalar sashenmu da tsakar rana, rungume da rigunan gasa. Ka tambaye shi, “Kai ne Tabarau?” Ya yi murmushi ya miƙo maka hannu, domin ya gane ka, hotonka yana shago. Wannan hannun ka fara saukar wa sifana, ƙarfen kwance noti. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Na biyu a fuska, gilashin tabaransa ya shige cikin idon. Ya faɗi yana kare kai, ka bi shi kana duka a haƙarƙari, jini yana bin matakala, ɗaliban da suka haddace dokokin kare fararen hula suna tsaye suna ihu, babu wanda ya matso. Ni ma ban matso ba.

Tsoho mai ciwon ƙafa ne ya matso. Yana bayansa da ragowar rigunan, ba ka ma gan shi ba. Ya zubar da su ya kife a kan yaron, sifanarka kuma ta riga ta taso.

Kafaɗar Kawu ta karye, an ɗaure. Tabarau yana da rai. Idon hagu ya tafi, likita ya ce hannun dama ba zai ƙara riƙe alƙalami yadda ya saba ba. Mun janye daga gasar. Uwarsa, mai sayar da kayan miya ce, ta zo asibiti ta dube ni ta ce, “Ke ce 'yar gidan? Me ya yi muku?”

Na tsane ka a ranar, ba zan ɓoye ba. Na tsani kaina fiye da haka. Da ka yarda cewa zan iya mugunta da kaina, da yaron nan yana da idonsa.

Saura magana ɗaya. Mai gabatar da ƙara zai kira Kawu shaida, domin shi ya fi kowa kusa. Kotun gaske ce wannan karon. Jiya ya kira ni gefen gadonsa ya ce, “'Yar nan, in na ce ban gani ba, fuskata tana ƙasa, ai ba ƙarya na yi ba ko?” Na ce ba ƙarya ba ce. Ya ce, “Amma na ji. Na san numfashinsa.” Ya juya fuska bango. Bai san abin da zai faɗa ba, ni kuma na rantse ba zan ƙara sa masa baki ba.

'Yar goggonka.

*

Ƙanwata,

Na gaishe ki, in za ki amsa. Ina lafiya, lafiyar da ba ta da amfani. Na karanta takardun biyu, na farkon sau da yawa.

Ki gaya wa Baba ba sai ya zaɓa ba. Zan amsa laifina da bakina ranar da aka kai ni, ba sai an tsayar da shi gaban kowa ba. Ya kwanta a ƙasa sau uku saboda mu, ya isa. Uwar yaron kuma ban da abin da zan aika mata. Haƙuri ya yi ƙanƙanta, kada ki kai mata shi da sunana.

Na ce wa 'yan sanda ban tuna ba. Na tuna. Kullum ina tunawa, wancan ma na tuna.

Tambayarki daidai ce, wanda kika yi wa ne ba daidai ba. Baba bai ga komai ba. Ni na gani. Ina ƙarƙashinsa, fuskata a gefe, akwai 'yar kafa tsakanin hammatarsa da ƙafar kujera. Ta nan na ga Mama ta miƙe tana neman inda nake. Na ga wanda ya harbe ta a wuya, ta zauna a hankali tana riƙe da wurin kamar mai jin kunya. Ba shi da wani tabo. Tabon nan Baba ya samo shi ne daga baya, a bakin mutane, ni kuma na bar masa domin na ga yana riƙe shi a tsaye. Saurayi ne, silifas ne a ƙafarsa, yana haki kamar wanda ya yi aikin ƙarfi. Ya matso ya tsaya a kanmu, yana kallon bayan Baba. Na daɗe ina tambayar kaina me ya gani a wurin, wane irin mutum ne zai kalli bayan wanda ya rufe yaro kuma hannunsa ya ci gaba.

Ranar nan a matakala na samu amsa. Farar riga, ƙeya mai furfura, hannuwa a buɗe. Na gane shi, 'yar Goggo. Kada ki bari kowa ya ce ban gane shi ba. Na gane shi kafin ƙarfen ya sauka, hannuna kuma bai tsaya ba.

In ƙungiyarku ba ta watse ba, kuma in shi Tabarau bai hana ba, ki zo ranar ziyara da takarda da alƙalami. Ku rubuta nawa a cikin na waɗanda suka tsira daga jirgin, ni ne shaidar da ya gani da ido. Ki zo da tambayoyinki duka, ki matse ni yadda aka koya miki, kada ki ce mini Yaya.

Kafin nan, Baba ba zai iya kai hannu baya ba da wannan kafaɗar. Ki samu wanda zai riƙa cuɗa masa, a bi ramin nan a hankali, ba ya son ruwa mai zafi a wurin.

Ɗan kawunki.